Waƙar da ke cikin fiyano: yadda ake ceto ta, da yadda ake ƙetare iyaka da ita

 Yau maganarmu a kan fiyano take, wato na'urar kiɗan nan mai aiki da lantarki da makaɗan zamani ke ɗorawa a kan tebur wajen biki. Wani zai ce, ina ruwan makiyayi da ɗan kasuwa da fiyano? To ai da ruwansu. Ɗan kasuwa ne ke ɗauko ta daga Kwatano ko Legas ko Sabon Garin Kano, ya biyo da ita ta Gaya, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Ɗan Isa, ya sayar. Makiyayi kuma shi ne ke sayar da ɗan bijimi ya biya makaɗi ya yi wa ɗansa waƙar aure, a zuba masa a memori ya tafi da ita daji. Ranar da waƙar ta ɓace, rigimar kan waɗannan mutum 3 take faɗawa: makaɗi, mai saye, da mai sayarwa.

Abin da muke so kowa ya riƙe a yau guda ɗaya ne. Waƙar da take wuri ɗaya tak, to a bakin ɓata take. In kuma ta ɓata, abin da ka yi a sa'ar farko shi zai nuna ko za ta dawo ko ta tafi ke nan.

Mene ne ainihin abin da ke cikin fiyanon?

Mu fara da rarrabe abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Akwai waƙar da aka ɗauki sautinta, irin wadda ke cikin wayarka, MP3 ko WAV. Wannan kamar kaset take: abin da aka ɗauka shi za ka ji, ko a wace na'ura ka sa. Sai kuma waƙar da makaɗi ya ajiye a cikin fiyano, wadda galibi fayil ne da ake kira MIDI. Shi wannan babu sauti a cikinsa ko kaɗan. Umarni ne kawai a rubuce: danna wannan maɓalli, da ƙarfi kaza, riƙe shi tsawon kaza, da muryar sarewa ko ta ganga. Fiyanon ce ke karanta umarnin ta fitar da sautin da kanta.

Kamfanonin da ke ƙera kayan kiɗa sun amince da wannan tsari na MIDI tun 1983, don na'urar wannan kamfani ta fahimci ta wancan. A 1991 aka ƙara wata yarjejeniya, General MIDI, wadda ta jera muryoyin kayan kiɗa 128, kowace da lambarta, aka kuma keɓe layi na 10 cikin layuka 16 don ganguna. Saboda umarni ne kawai, fayil ɗin ba shi da nauyi. Waƙar MIDI guda sau da yawa ba ta kai kilobait 100 ba, alhali minti ɗaya na sautin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10. Kun ga ke nan aikin makaɗi na shekara 10 zai iya shiga cikin fulash ɗin da bai kai ɗan yatsa ba. Wannan shi ne daɗin abin, shi ne kuma haɗarinsa.

Ban da waƙa, akwai abin da makaɗa ke kira sitayil, wato kiɗan rakiya da ke ta zagayawa a ƙarƙashin waƙa, ganga da bas da sauransu. Akwai kuma rajista, inda makaɗi ke ajiye saitinsa: wace murya, wane sitayil, wane sauri. Makaɗin da ya rasa sitayil ɗin da ya haɗa da hannunsa ya fi wanda ya rasa waƙa ɗaya asara, don a kansa yake gina duk sauran waƙoƙin.

Ina ake ajiye su?

Ya danganta da shekarun fiyanon. Tsofaffi, irin Yamaha PSR-550, PSR-740 da PSR-2000, da faifan fulofi suke aiki, ɗan faifan nan mai murabba'i da ake turawa a rami. Iri biyu ne: mai ɗaukar kilobait 720 da mai ɗaukar megabait 1.44. Na bayansu, irin PSR-3000 da ta fito a 2004, suna da katin SmartMedia, wanda mafi girmansa megabait 128 ne, tare da kafar fulash. Na yanzu kuma, irin jerin PSR-S da PSR-SX da Korg Pa, fulash ake sa musu, abin da 'yan Nijar ke ce wa kile. Kowace kuma tana da ɗan rumbu a cikinta. Ƙananan fiyano na jerin PSR-E rumbun nasu ƙarami ne ƙwarai: wasu waƙa 5 kawai suke riƙewa daga abin da mutum ya ɗauka da kansa, wasu 10.

Hanyoyin da waƙa ke ɓata

Na farko, rashin ajiyewa. A manyan fiyanon Yamaha, in ka gama ɗaukar waƙa ba ka danna ajiya ba, wuta ta ɗauke ko ka buɗe wata waƙar, to ta tafi. Wannan babu boka babu malam, ba ta dawowa.

Na biyu, yankewar wuta ko zare fulash a daidai lokacin da na'ura ke rubutu a kansa. Mai janareta ya ga mai ya kusa ƙarewa ya kashe ba sallama, shi ke nan fayil ya tsaya rabi.

Na uku, fomat. Ka sa fulash a waya ko kwamfuta, sai saƙo ya fito da Turanci ko Faransanci yana tambaya a fomata shi. Wanda bai iya karatun ba ya danna e don saƙon ya kauce masa. Jama'a, fomat shara ce ta gaba ɗaya.

Na huɗu, bairos ɗin shagunan tura waƙa. Akwai wani da ya daɗe yana yawo a kwamfutocin kasuwa: yana ɓoye foldojin mutum, ya bar gumaka masu 'yar kibiya a madadinsu. Mai fulash ya ga kamar komai ya tafi, alhali kayan na nan, lulluɓe su aka yi.

Na biyar, fulash na jabu. A jiki an rubuta giga 64, cikinsa bai fi giga 4 ko 8 ba. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa lalacewa yake. Araha ba ta ado.

Na shida, ƙura da zafi da maganaɗisu. Faifan fulofi da aka ajiye a kan babbar sifika, ko aka bari a gaban mota cikin zafin bazara, ko ƙurar hunturu ta cika shi, kwanansa ƙidayayye ne.

In ta ɓata, me za a yi?

Abu na farko: tsaya cak. Zare fulash ɗin, ka sa a aljihu, kada ka ƙara ajiye komai a kai, ko hoto ɗaya. Ga dalili. Idan aka goge fayil, na'ura ba ta kwashe shi nan take. Abin da take yi kamar sarkin kasuwa ne ya soke sunanka daga littafi ya ce rumfarka babu mai ita. Buhunanka suna nan a ciki har ranar da aka kawo wani ya sauke kayansa a kai. Muddin ba a kawo sabon kaya ba, ana iya kwashe naka. Da zarar an kawo, to sai haƙuri. Mutane da yawa da hannunsu suke binne waƙarsu: ta ɓata da safe, da rana su zuba wasu waƙoƙi 200 a fulash ɗin, da yamma su je neman mai ceto.

In katin memori ne babba mai ɗan makulli a gefe, tura makullin ƙasa don kada a iya rubutu a kai. In faifan fulofi ne, akwai 'yar taga a kusurwa: ka buɗe ta har ka ga haske ta ramin, to ka kulle shi ke nan.

Abu na biyu: je wurin mai kwamfuta da ka yarda da shi, wanda kwamfutarsa ke da maganin bairos. Ka ce ya fara duba ko ɓoye kayan aka yi. Alamarsa ita ce fulash yana nuna a cike yake amma ba a ganin komai. Ga umarnin da zai rubuta a baƙin allon nan na Windows da ake kira cmd, mun buga shi a wannan takarda don ku nuna masa, idan harafin fulash ɗin F ne:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Sau da yawa nan take foldoji ke bayyana. Sai a kwafe su zuwa wani wuri, a goge gumakan nan masu kibiya ba tare da an buɗe su ba.

Abu na uku: in gogewa ce ta gaske, ko fomat na gaggawa, akwai manhajojin ceto da ake samu kyauta. Biyu da aka fi sani su ne Recuva da PhotoRec. Recuva ta fi sauƙin aiki, kuma sau da yawa tana dawo da fayil da sunansa. PhotoRec ta fi zurfin tono, tana bin fulash ɗin lungu-lungu tana gane fayil ta alamar da ke farkonsa, amma ba ta dawo da sunaye. Za ka samu tarin fayiloli masu lambobi, sai makaɗi ya zauna ya saurare su ɗaya bayan ɗaya ya sake raɗa musu suna. Ƙa'idar da ba a karyawa: abin da aka ceto a sauke shi a kan kwamfuta ko wani fulash daban. In aka mayar da shi kan wanda ake ceton, kamar mai yasar rijiya ne yana zuba ƙasar a cikinta.

Gaskiya ɗaya kuma mai ɗaci: abin da aka goge daga rumbun cikin fiyanon kanta, waɗannan manhajoji ba sa kaiwa can. Shi ya sa rumbun ciki wurin aiki ne, ba wurin ajiya ba.

Masu tsofaffin faifai

Kamfanin Sony ya daina ƙera faifan fulofi tun 2011. Duk wanda ke hannunka tsoho ne, kuma ba ya ƙara lafiya. In kana da kwali cike da su, kada ka jira. Akwai 'yar na'urar karanta fulofi da ake jonawa da kwamfuta ta kafar USB. Ka tabbata wadda aka samo tana karanta iri biyun, mai 720 da mai 1.44. A kwafe kowane faifai a foldarsa, a rubuta wa foldar abin da ke rubuce a jikin faifan. In wani ya ƙi karantuwa, kada a yi ta maimaitawa har ya kankare. A gwada shi a wata na'urar, don wani lokaci laifin na mai karatun ne, ƙura ta toshe masa kai.

Wanda kuma yake son tsohuwar fiyanonsa, ba ya son rabuwa da ita, akwai mafita. Masu gyara suna cire ramin fulofin su sa wata na'ura da aka fi sani da Gotek a gurbinsa. Ita fulash take karɓa, amma tana nuna wa fiyanon kamar faifai aka sa mata. Fulash ɗaya sai ya zama faifai masu yawa, kana sauyawa da maɓalli. Sai dai a samu mai gyaran da ya taɓa yi wa irin wannan fiyanon, don saitin ya bambanta daga wata zuwa wata.

Tura waƙa daga wannan fiyano zuwa waccan

Nan ne ake yawan faɗa tsakanin makaɗa da 'yan kasuwa. Makaɗi ya sayi sabuwar fiyano, ya sa fulash ɗinsa, ta ƙi gani, sai ya dawo yana cewa an sayar masa da matacciya. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Yawancin fiyano tsarin fulash da ake kira FAT32 suke ganewa, alhali fulash da ya wuce giga 32 galibi da wani tsari yake zuwa, exFAT, wanda tsofaffin ba su san shi ba. Maganin shi ne a sayi ƙarami, giga 4 ko 8 ko 16, sabo fil, a fomata shi a cikin fiyanon tun babu komai a kai, sannan a zuba waƙoƙin. A sa shi a kafar da aka rubuta USB TO DEVICE. Ɗaya kafar, USB TO HOST, ta igiyar kwamfuta ce. Ƙananan fiyanon da ba su da kafar fulash, ta wannan igiya ake tura musu waƙa, da manhajar Yamaha mai suna Musicsoft Downloader.

Wani kuma zai ce waƙar ta buɗe, amma ba muryarta ba ce. Ku tuna mun ce umarni ne ba sauti ba. A jerin muryoyi 128 ɗin nan babu kalangu, babu gurmi, babu goge. Makaɗanmu ɗora waɗannan sautuka suke yi a fiyano daga baya, ko su gyara wata murya har ta yi kama. In waƙar ta je fiyanon da ba a ɗora mata wannan sautin ba, sai ta sa wani abin daban a gurbinsa, ko ta yi shiru a wurin. Saboda haka in za a tura waƙa, a tura ta da sautukan da take kira. A sababbin Yamaha, ta manhajar Yamaha Expansion Manager ake ɗora irin waɗannan fakitin sauti.

Shi sitayil ya fi waƙa tsauri. Na Yamaha ba ya aiki kai tsaye a Korg, na Korg ba ya aiki a Yamaha, ko da ƙarshen sunan fayil ɗin ya zo iri ɗaya. Ko a cikin Yamaha, akwai sabon tsarin sitayil da ya zo da Tyros3 a 2008, wanda fiyanon da suka girme shi ba sa ɗauka yadda ya kamata sai an juya shi. Ita kuma rajista, hanyar da fayil yake take haddacewa. In ka sauya wa folda suna ko ka matsar da waƙa, rajista za ta je inda ta saba ta tarar ba kowa. To a kwafe foldoji yadda suke, kada a taɓa sunayensu.

In ta waya za a tura, misali daga Maraɗi zuwa Katsina ko daga Damagaram zuwa Kano, ana jona fulash da waya ta 'yar igiyar OTG. A dunƙule fayilolin a zip ɗaya, a tura ta WhatsApp a matsayin dokiman. In wayar ta nemi a fomata fulash, a ce a'a. Kai kuma malam makiyayi da ka biya kuɗin waƙa, abin da za ka karɓa MP3 ne, wanda aka ɗauka da muryar mawaƙin a ciki, kuma ka saurare shi a wayarka daga farko har ƙarshe kafin ka bar wurin. Fayil ɗin MIDI ba ya ɗauke da muryar mutum. In aka ba ka shi, kiɗa kawai za ka ji, shi ma ba yadda ya fita a wajen bikin ba.

Kalma ga 'yan kasuwa

Alhaji, in ka sayi fiyano ta hannu daga wani makaɗi, tambaye shi ko ya kwashe kayansa. In za ka kai ta gyara, a kwashe abin da ke ciki tukuna, don masu gyara da yawa abin da suke fara yi shi ne mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A ƙananan Yamaha, riƙe farin maɓalli na ƙarshe a dama yayin kunnawa yana share abin da mai ita ya ajiye. Yaran shago su san da wannan, kada su yi shi da wasa.

Ka duba adafta kafin ka jona. Wutarmu a Nijar da Najeriya bolt 220 zuwa 230 ce. Kayan da aka yi don Amurka na 120 ne, na Japan 100. In adaftar ba mai ɗaukar duka ba ce, hayaƙi za ka gani. Fulash kuma, in kana sayarwa da yawa, ka sa a gwada maka ɗaya daga kowane kwali da manhajar H2testw, wadda ke cika shi ta karanta ta faɗi ainihin cikinsa. Gara ka gane jabu a shagonka da a zo maka da shi gaban mutane ranar kasuwa.

Sannan waƙoƙin da ka tarar a cikin fiyano ko fulash ɗin wani, amana ce. Guminsa ne. Kada a kwafa a sayar sai da izininsa. Ƙasashen biyu kowace tana da hukumar kare haƙƙin mawallafa, amma kafin hukuma akwai tsoron Allah da zaman tare.

A yi wa waƙa habbanaye

Makiyaya sun riga kowa sanin wannan darasi. Bafulatani kan ba ɗan'uwansa karsana habbanaye, ta haihu a garkensa. In fari ko cuta ta faɗa wa garken mai ita, irin bai ƙare ba, yana can hannun wani. Haka za a yi wa waƙa. Kwafi 3: ɗaya a fulash ɗin aiki, ɗaya a fulash ɗin da ke kulle a akwati a gida, ba ya zuwa biki, ba ya shiga kwamfutar kasuwa, ɗaya kuma a hannun amintacce a wani gari, ko a intanet, ko da a imel ɗinka ne. Duk ƙarshen wata, ko bayan kowace sabuwar waƙa, a sabunta su. Lokaci-lokaci kuma a sa na akwatin a fiyano a ji ko yana nan da rai.

Muna da misali a gida. Mamman Sani, makaɗin ogan ɗan Nijar, ya ɗauki kiɗansa a 1978, aka fitar a kaset kaɗan. Don kaset ɗin ya tsira ne kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013, duniya ta ji shi bayan shekara 35. Haka Hama na Yamai, mai kaɗa Yamaha PSR-64, kiɗansa daga memori zuwa memori ya yi ta yawo a hannun jama'a kafin a buga shi a faifai. Abin da aka kwafa shi ya rayu.

To jama'a, wanda duk yake da fiyano, ko ɗansa ko ƙaninsa ke da ita, kada a kwana biyu ba a yi kwafin nan ba. Kuɗin ƙaramin fulash bai kai na ɗan akuya ba. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, su faɗi sunan fiyanon da lambarta yadda aka rubuta a jikinta, don amsar ta dace da na'urar. Allah ya tsare dukiya, ya ba da damina mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya. Sai wani makon in Allah ya kai mu.